Shekarar da gashina ya zube

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni malamar firamare ce a cikin garin Sakkwato, ina zaune a Mabera da maigidana da yaranmu uku. Na daɗe ina son in ba da wannan labari, nauyin baki ke hana ni, don a wurinmu abin da ke ƙarƙashin ɗankwali sirrin mace ne, ko ƙawarki ba kowace za ki buɗe wa kai ba. Amma kullum ina ganin 'yan'uwa suna zuba kuɗin adashinsu a kan kwalaben shamfu masu alkawarin tsiro da gashi cikin mako biyu, ni kuwa na bi wannan hanya har ƙarshenta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na zauna na rubuta.

Allah ya ba ni gashi tun ina ƙarama, baƙi mai cika, irin na dangin Innata. Duk ranar Juma'a da yamma ko Asabar da safe ana tura mu gidan makitsiya. Ki zauna a tabarma tsakanin ƙafafunta, ta kifa kanki a cinyarta, ta ɗauki kibiya ta tsaga, ta lakato man shanu ta goga a tsagar, sannan ta kama 'yan ƙananan gashin gaban goshi ta ja su har sai kin ji idonki ya ɗage. In kin yi kuka ta ɗan maka miki bayan mataji ta ce kitso mai kyau sai da zafi. A daren da aka yi sabon kitso ba na iya ɗora kai a matashi, sai in kwanta rub da ciki. Kashegari 'yan ƙuraje farare su fito a layin goshi, a shafa musu mai, a ce alamar kitson ya kamu ne. Haka aka yi wa Innata, haka aka yi mini, babu wanda ya ɗauke shi cuta. Da na shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari na fara shafa rilaksa kamar sauran 'yanmata, don gashi ya kwanta ya yi santsi, shuku da kalaba su fito ƙanana. Daga nan duk biki, duk Sallah, duk suna, sai an shafa.

A watan Nuwamban 2022 na haifi ɗana na uku. Haihuwar ta zo da zubar jini sosai, ga shi dama ina da ciki wata takwas na yi zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin na ƙarshen damina. Na yi jego kamar yadda aka saba, wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama in an samu. Lokacin cikin gashina ya yi wani irin cika da tsawo da ban taɓa gani ba, har masu zuwa barka suna yaba shi. Da aka yi arba'in aka kira mai gyaran jiki, aka yi lalle, aka shafa rilaksa, aka yi mini kitso ƙanana masu kyau.

Wajen watan Fabrairu abin ya fara. Na zauna tsifa a tsakar gida, na shimfiɗa farin zane a cinya. Kowane kitso na warware, sai gashi ya biyo yatsuna, ba guntaye ba, dogaye cikakku, kowane da ɗan farin ɗigo a gindinsa. Na sa mataji sau ɗaya, haƙoransa suka cika har ba a ganinsu. Kafin in gama, abin da na dunƙule a zanen ya cika tafin hannuna biyu. Na shiga ɗaki na ɗauki madubi na tsaya a bakin taga. Gefen goshina dama da hagu, sama da kunne, fata ce ke haske. Wani siririn layin gashi ya rage a can gaba, bayansa fili. Daga ranar, a matashi gashi, a banɗaki gashi, a cikin hular hijabi gashi, har a hannun jaririna nakan same shi ya naɗe masa yatsa in yana shan nono.

Ban gaya wa kowa ba. Waya na ɗauka. A lokacin duk wadda ta buɗe WhatsApp za ta ga masu tallar kayan gashi, hoton kai kwal a hagu, hoton gashi har gadon baya a dama. Wata mai sayarwa ta turo mini muryoyin mata suna godiya suna sa mata albarka. Ta ce saiti ne, shamfu da man shafawa da wani ruwan fesawa, haɗin ƙasar waje da sirrin mutanen Chadi, kuma in ban ga sabon gashi cikin mako biyu ba ta yarda in tona mata asiri. Lokacin ne ake wahalar takardun Naira, mutane na kwana a layin banki, masu POS na yankar abin da suka ga dama. Ban samu tsabar kuɗin cefane ba, amma na yi mata tiransifa da kuɗin da na ɗauka na adashi, ɗan acaɓa ya kawo mini kaya har ƙofar gida.

Kwalbar shamfun kyakkyawa ce, an manna mata hoton mace mai gashi. Babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Yana ƙamshin na'ana'a, in ya taɓa fatar kai sai ki ji sanyi yana ratsa ki, sannan zafi ya biyo. Na tambaye ta, ta ce ai shi ne aikin, yana tada jijiyoyin gashi ne. Ta ce in riƙa wankewa kwana bibbiyu. Ku duba fa, ƙarshen hunturu ne a Sakkwato, iska busasshiya, leɓe na tsagewa, ni kuwa ina wanke gashin da rilaksa ta riga ta raunana da abu mai kumfa kamar me. Kafin wata ya zagayo gashin ya bushe ƙamas, ya fara karyewa daga tsakiya. Da can dogaye ke zuba, yanzu har da guntaye. Na koma mata, ta ce tsohon gashi ne ke ba sabo wuri, in sayi saiti na biyu mai ƙarfi. Na saya. Da shi ma bai yi ba na shiga Sabuwar Kasuwa layin masu kayan kwalliya, na sayi wani mai hoton albasa, na sayi wani mai hoton tafarnuwa, na haɗa da ƙwayoyin bayotin da aka ce suna sa gashi.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, zafi ya sauka, irin zafin nan namu da ke haura digiri 40. Ina shayarwa, ina azumi, ina zuwa makaranta. In na yi wanka da asuba gashin bai gama bushewa ba nake tura shi cikin hula in ɗora hijabi, ya wuni cikin gumi. Amosani ya taso, kai ya riƙa ƙaiƙayi har in na sosa sai farcena ya fito da ɓawo mai maiƙo. Ana jibi Sallah na je wajen makitsiya na roƙe ta ta rufa mini asiri. Ita ma da kyakkyawar niyya ta kamo ɗan layin gashin nan da ya rage a gaba, ta ja shi baya ta ɗaure shi cikin kitso don ya rufe filin. Ranar Sallah, 21 ga Afrilu, da ciwon kai na wuni, ko ɗaurin ɗankwali ban iya yi da kyau ba.

A gidanmu aka fara gani. Mun je gaisuwar Sallah, na cire gyale zan yi alwala, Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta.

"Ke ɗiyag ga, mi as samu kanki? Matso in gani."

Na durƙusa gabanta, ta zare ɗankwalin, ta shafa gefen goshin da babban yatsanta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Zubar jego ta, ni ma haka niy yi da nih haihe ki, ya dawo da kainai. Amma wanga na gaba ban san shi ba. Kuma ke duba idonki, hwari fat. Kina cin abinci kuwa?"

Hajiyar maigidana da labari ya kai mata cewa ta yi bakin mutane ne, tunda kowa ya yaba gashin lokacin barka, a yi tofi a kawo rubutu. An yi, na sha, na shafa, kuma har yau ina riƙe da azkar ɗina na safe da yamma, don na yi imani kambun baka gaskiya ne kuma waraka ta Allah ce. Sai dai wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma nemansa ba ya rage tawakkali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman ɗaki. Na koma kwana da ɗankwali, in maigida ya shigo in yi sauri in rufe kai. Mace ta san abin da nake nufi. Kina cikin gidanki, da mijinki na shekaru, amma kina jin kamar an rage miki wani abu, kina lissafin ranar da zai duba wata. Shi bai taɓa faɗin komai ba. Wani dare ya ce, "Malama, wai ni kike ɓoye wa kai? Ni da nawa ya tafi tun kafin in aure ki?" Ya cire hularsa ya ajiye a gefen gado. Na yi kuka sosai a daren. Ya ce gashi bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne yadda nake haki in na ɗebo ruwa, da yadda nake tauna ƙanƙara kamar gyaɗa, da jirin da ke ɗibata in na tashi daga sujada. Ya ce gobe asibiti za mu.

Likitar da ta fara ganina ta ja fatar idona ƙasa, ta duba tafin hannuna da farcena, ta tambayi yadda haihuwa ta kasance. Da na ambaci ƙanƙara ta ɗaga kai ta ce ko ina sha'awar cin farar ƙasa ma. Na ce ƙwarai. Ta ce wannan kwaɗayin yakan zo da ƙarancin ayon a jiki, wato sinadarin da jiki ke haɗa jini da shi. Aka ɗebi jini, PCV ɗina, wato awon yawan jini, ya fito ƙasa da 30. Ta rubuta a auna feritin, wato ma'ajiyar ayon ta jiki, da kuma tayirod, ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don ita ma in ta rikice bayan haihuwa tana zubar da gashi. Da ta ji ina shan bayotin ta ce in dakatar da shi na 'yan kwanaki kafin a ɗebi jinin, saboda yana iya ɓata sakamakon gwajin tayirod ya nuna abin da babu. Tayirod lafiya lau, feritin kuwa ya yi ƙasa ƙwarai. Daga nan ta tura ni wajen likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ranar da na je na zuba duk kwalabena a leda na tafi da su. Likitan ya jera su a tebur yana juya kowace yana neman rubutun bayanta. Wata nas ta tsaya kusa da ni na buɗe kai. Ya kama ɗan tsagin gashi a tsakiyar kai ya ja a hankali, silalla da yawa suka biyo hannunsa. Ya ɗora su a farar takarda ya nuna mini farin ɗigon nan na gindinsu. Sannan ya ɗauko wani ɗan madubi mai fitila ya kafa a gefen goshina, yana matsawa kaɗan-kaɗan, ya daɗe a wurin.

Ya ce, "Malama, abu uku ne suka haɗu a kanki, kuma kowane da hanyarsa."

Bayanin da ya yi mini shi nake so kowace mace ta ji. Kan mutum na ɗauke da gashi wajen 100,000, kuma ba tare suke rayuwa ba. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna cikin tsiro, kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sannan ya tsaya ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya fito daga ramin. Shi ya sa lafiyayyen mutum ke zubar da sili 50 zuwa 100 a rana ba tare da ya sani ba, mai kitso kuma takan ga nata a tare ranar tsifa. Lokacin ciki sinadarin mata da ake kira istirojin yana ƙaruwa ya riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ne cikar da aka yaba mini. Ana haihuwa sinadarin ya sauka, gashin nan duka ya shiga hutu lokaci guda, bayan wata 2 zuwa 4 ya zubo tare. Zazzaɓi mai zafi, tiyata, zubar jini da tashin hankali duk suna yin haka. Irin wannan zubar ba ta kashe saiwa, yawanci kafin yaro ya shekara gashi ya dawo, kamar yadda Inna ta faɗa. Nawa ya ja lokaci ne saboda jinina ya yi ƙasa, jiki kuwa in abinci ya yi masa kaɗan ba gashi yake fara ciyarwa ba.

Na biyu amosani ne, wanda wata ƙwayar cuta mai kama da yis da ke zaune a fatar kowa ke tayarwa in maiƙo ya yi yawa, ga kuma fatar da abin da nake shafawa ya ƙona. Na uku shi ne na gaban goshi, kuma a nan ya sassauta murya. Ya ce wannan ba na jego ba ne, na ja ne, shekara da shekaru na kitso mai tsauri, da rilaksa, da ɗaurin ɗankwali da robar hula a wuri guda. Wasu rilaksa sodar nan ce a cikinsu, wadda ake haɗa sabulu da ita, tana karya ƙarfin sili don ya miƙe, in aka ɗora masa ja sai ya kasa. Siririn layin da ya rage a gaba ma alama ce da suke gane wannan ciwo da ita. Ya ce inda ya ga ramukan gashi a buɗe ana sa ran gashi ya dawo, inda kuwa fatar ta yi sumul tana sheƙi ba rami, saiwar ta mutu ta zama tabo, babu man da zai dawo da ita.

Na nuna kwalaben na ce to waɗannan fa. Ya ce, "Shamfu sabulun kai ne. Minti nawa yake yi a kanki kafin ki ɗauraye? Saiwar gashi tana cikin fata, daga jini take ci. Wanda ya wanke ganyen gero bai ba gona taki ba." Ya ƙara da cewa gashi ba ya wuce kamar santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka, don haka duk wanda ya ce mako biyu, ya faɗi abin da jikin ɗan Adam ba ya yi. Sanyi da zafin da nake ji kuwa na'ana'a ce da makamantanta, ba tsiro ba ne.

A nan ina so in faɗi ra'ayina a fili. Ban ce duk mai sayar da kayan gashi macuciya ba ce, da yawa mata ne masu neman na kansu, su ma sara suka yi, sun yarda da abin da aka gaya musu. Amma sayar wa mai jego alkawarin mako biyu zalunci ne, ko da ba a yi nufi ba. Ga dalili: zubar jego da kanta take tsayawa. Mace ta sayi kwalba a wata na huɗu, a wata na takwas gashi ya fara dawowa don lokacinsa ya yi, sai ta ɗauki murya ta tura godiya, a yi tallar da ita a kama wata. Wadda nata ƙarancin jini ne ko tabo, ita ce za ta yi ta saye tana zargin kanta, alhali jininta na ƙara ƙasa.

Maganin da aka ɗora ni a kai bai kai kuɗin saiti ɗaya ba. Ƙwayar ayon ce, aka ce in ci gaba da sha har wata 3 bayan jini ya daidaita don ma'ajiya ta cika. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, takan ɗaure ciki, an gaya mini tun farko don kada in tsorata in bari. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne raba ta da shayi, don ganyen shayi na hana jiki tsotsar ayon, ni kuwa ba na karyawa sai da shi. Na koma shan ta da ruwa da ɗan lemu, shayi sai bayan awa biyu. Na dage da wake, zogale, alayyahu, ƙwai da kifi. Da Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Yuni, maigida ya ce hantar ragon bana ta Malama ce, kada wanda ya taɓa.

Shamfu ɗaya aka rubuta mini, mai ketokonazol kashi 2 cikin ɗari, na amosani. Sau biyu a mako na wata guda, a shafa a fatar kai a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, daga baya a rage. Wannan ya yi aikinsa, ƙaiƙayi ya tafi, ɓawo ya daina. To ku ga, akwai shamfun da ke magani, amma maganin abin da aka yi shi dominsa. Rilaksa aka ce in bari gaba ɗaya. Kitso manya guda shida ko takwas, sako-sako, a bar gashin gaba kada a kama shi, in ya yi zafi a warware a take. Na canza hular hijabi zuwa marar roba, na daina rufe kai da jiƙaƙƙen gashi.

Wata biyu na farko ban ga komai ba, sai dai haki ya ragu, ƙanƙara ta fita raina. Wajen ƙarshen damina matajina ya fara fitowa da sauƙi. Sannan wasu 'yan gajerun gashi suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar kai da layin tsaga, ba sa kwanciya ko an shafa mai. Nas ɗin ta ce su ne sababbin. Na yanke ƙarshen da rilaksa ta cinye kaɗan-kaɗan har ya ƙare.

Maganar minoksidil sai da na yaye yaro a 2024 aka yi ta, don ba a so mai ciki ko mai shayarwa ta shafa. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shansa gashi na fito musu, sai aka mai da shi na shafawa, Amurka ta amince da shi a 1988. Likita ya ce zai iya taimakon saiwoyin gefen goshi da ba su mutu ba, amma in ba shi wata 4 zuwa 6, kuma kada in firgita in zuba ta ɗan ƙaru a makonnin farko. A busasshiyar fata ake ɗiga shi, a wanke hannu, a kula kada ya gangaro fuska don yana fito da gashi inda ya taɓa. Ni ma na ga ɗan gashi mai laushi a saman kumatuna, ya tafi da na gyara yadda nake shafawa. Gefen hagu ya cike sosai. Gefen dama akwai wuri kamar faɗin yatsu biyu da bai dawo ba, kuma an gaya mini ba zai dawo ba sai dai dashe. Nakan ji shi a raina wani lokaci, ba zan ɓoye ba.

Na maigida daban ne, sanƙon gado ne irin na mahaifinsa, wanda sinadarin maza ke ƙanƙantar da saiwa a hankali. Shi in mutum ya fara minoksidil sai ya ɗore, ranar da ya bari abin da ya samu zai koma cikin 'yan watanni. Akwai kuma ƙwayar finasterayid ta maza, wadda mai ciki ko fasasshiyarta ba a so ta taɓa. Ya saurara ya ce shi hularsa ta ishe shi.

Kayanmu na gida ban yar da su ba, matsayinsu na gane. Karkashi nake jiƙawa in wanke kai da shi, yauƙinsa na sa mataji ya wuce ba tare da karya ba. Man kaɗanya na riƙe laima a hunturu. Lalle na lulluɓe sili ya ƙara masa kauri. Chebe na matan Chadi ma a jikin gashi suke shafa shi su kitse, yana hana karyewa, shi ya sa tsawon ke taruwa. Duk waɗannan suna tsare gashin da ya riga ya fito ne, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mai gashi irin namu.

Abin da ya hana ni yin shiru yanzu yana cikin ajina. Ranar Litinin in ana duba tsafta, yara mata su cire hijabi, sai in ga 'yar shekara bakwai da sabon kitso, girarta a ɗage, ƙuraje jere a layin goshi, wata ma gefen kan ya riga ya fara haske. Da can yaba kitson nake yi. Yanzu nakan kira uwar in nuna mata, in ta yi musu in ja ta gefe in buɗe mata gefen damana. Akwai kuma masu makero, zagayayyen fili mai ɓawo da guntayen gashi, wanda yara ke ɗauka ta mataji da askar wanzami da hular juna. Iyaye na ta shafa masa mai da toka da man birki, alhali ƙwayar cutar na cikin silin gashi, sai an haɗa da maganin sha na makonni 6 zuwa 8 daga asibiti, in an bar shi kuma yakan yi ruwa ya bar tabo.

Na kai maganar taron iyaye da malamai. Wasu iyaye mata sun ce kitso sako-sako ba ya kwana biyu, kuɗin makitsiya kuma ya ƙaru, gara a ja shi ya daɗe. Gaskiyarsu ce ta wani fanni, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi. Shugabar makaranta ta yanke cewa an daina tilasta sabon kitso kowane mako, mako biyu ya isa in kai na da tsafta, kuma ba za a hukunta yarinya don gashin gabanta ya tashi ba. Makitsiyar unguwarmu da na zauna da ita ta ce iyaye ne ke cewa ta ja, amma ta yarda ta riƙa barin na gaba ga duk yarinyar da aka kawo mata, har 'yata. Yara biyu masu makero a ajina suna kan magani. A taro mai zuwa maganar mataji zan tayar, don har yanzu yaran na aron na juna a lokacin tara.